Abin wuyan Kaka

1. Zare ya tsinke

Auta ƴar aji biyar ce a wata makarantar gwaji ta Damagaram. Gidansu yana unguwar Birni, kusa da tsohuwar ganuwa. Ita ce ƙarama a ɗakinsu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta.

A wannan mako ana shirin biki a gidan. Ranar Lahadi za a kai yayarta ɗakin miji. Kaka ta yi alkawali za ta ba amarya abin wuyanta na duwatsu. Wannan abin wuya ya girmi kowa a gidan. Kaka ta gaje shi wajen uwarta, ita ma uwar wajen tata uwar ta samo shi. Kullum yana cikin wata ƴar batta, a ƙasan adudun Kaka.

Ranar Litinin da marece Kaka ta tafi barka. Auta ta shiga ɗaki, ta buɗe adudu, ta ɗauko abin wuya ta rataya. Ta fita ƙofar gida don ta gwada ma ƙawayenta. Wata ta ce: «Mu gani!» Wata ta ce: «Ni ma mu gani!» Ana cikin haka sai zare ya tsinke. Duwatsu suka watse cikin rairayi.

Ƙawaye suka gudu. Auta ta durƙusa tana tsinta har aka kira sallar magariba. Abin da ta samu ta ƙulle a bakin kallabinta. A wannan dare ba ta ci tuwo ba, barci kuma sai kaɗan.

2. Mu ƙidaya tukuna

Ranar Talata da safe Malam ya lura Auta ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Da aka fita shan iska ya kira ta.

— Auta, lafiya?

Ta kwance bakin kallabi, ta gwada mashi, ta fashe da kuka. Ta faɗi duk yadda aka yi.

Malam ya ce: «Share hawayenki. Za mu taimake ki, ni da ƴan ajinku. Amma da sharaɗi guda. Kafin rana ta faɗi, ki gaya ma Kaka da bakinki. Ramin ƙarya ƙurarre ne.»

Da aka komo aji, Malam ya shimfiɗa wani tsumma fari bisa tebur. Ya ce duwatsu ba su gangarawa bisa tsumma kamar yadda suke yi bisa katako. Ya zube su a hankali. Yara suka kewaye shi.

Sai suka ga wani abu. Rabin abin wuyan yana nan ga zarenshi, ko dutse ɗaya bai fita ba. Ɗaya rabin ne kawai ya watse.

Malam ya ce: «Wa zai gaya mani dalili?»

Wani yaro ya duba da kyau, ya ce: «Malam, akwai ƙulli a tsakiya, jikin babban dutsen nan.»

— Madalla! Wanda ya jera shi ya san aikinshi. Wannan ɗan ƙulli shi ya tsare rabin duwatsu. Yanzu ku karanta mani rabin da ya rage, daga tsakiya zuwa ƙarshe.

Yara suka karanta tare: «Fari, fari, shuɗi, fari, fari, ja. Fari, fari, shuɗi, fari, fari, ja...»

Malam ya rubuta ga allo. Ya ce: «Kun ji magana ɗaya ce take komowa. Duwatsu 6 da ke komowa, mu kira su gida ɗaya. Gida nawa ke nan?»

Suka ƙidaya, gida 5. A kowane gida akwai fari 4, shuɗi 1, ja 1. Ke nan a rabi guda akwai fari 20, shuɗi 5, ja 5. Duka 30. Tun da dama da hagu daidai suke, rabin da ya watse shi ma 30 ne.

Suka ware waɗanda Auta ta tsinto, kowane launi da tsibinshi. Fari 13, shuɗi 5, ja 3. Duka 21.

Auta ta je ga allo ta yi ɗebewa da hannunta. Fari 20 a ɗebe 13, saura 7. Shuɗi 5 a ɗebe 5, babu saura. Ja 5 a ɗebe 3, saura 2.

Malam ya ce: «Jiya kina tsammani kome ya ɓace. Yau kin san abin da ya ɓace: fari 7 da ja 2. Mai gyara, kafin ya taɓa zare, ƙidaya yake fara yi.»

Da marece Auta ta sami Kaka bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa, ta faɗi gaskiya. Kaka ta yi shiru da daɗewa. Can ta ce: «Kishiya, kin so ki riga amarya ado ke nan? To, laifi biyu ne. Zaren ya tsufa ban sake shi ba, wannan nawa ne. Kin ɗauki abin mutane ba ki tambaya ba, wannan naki ne. Kuɗin duwatsun da suka ɓace daga asusunki za su fito. Gobe kuma ina zuwa in ga malamin naku.»

3. Kaka ta zo makaranta

Ranar Laraba Kaka ta zo da sandarta. Yara suka miƙe suka gaishe ta. Malam ya ba ta kujerarshi, ya ce: «Iya, yau ke ce malama.»

Kaka ta ɗauki babban dutsen tsakiya. Ja ne, yana da zobe a sama da tsini a ƙasa. Ta ce: «Wannan sunanshi talhatana. Shi dutse ne na gaske, sassaƙa shi aka yi. Buzaye suna son shi ƙwarai. Sauran kuwa, farare da shuɗɗa da jajaye, muna ce masu duwatsu, amma ba daga tsauni aka fasa su ba. Mutum ne ya yi su da wuta. Uwata ta ce mani fatake ne suka kawo su bisa raƙuma, aka saye su a Zango.»

Malam ya rataya taswira ga bango. Ya ce: «Maganar Iya gaskiya ce. Ku dubi wannan hanya. Daga Tarabulus, a bakin teku, ayari yakan ratsa hamada ya biyo ta Gat, ya shigo Abzin, ya sauka Damagaram, ya wuce Kano. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, Damagaram babban masauki ne bisa wannan hanya. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Bart ya shiga Kano a shekara ta 1851. Ya rubuta kayan da ake kawowa daga arewa, kuma duwatsun ado suna ciki. Irin talhatana kuwa, a ƙasar Indiya ake sassaƙa su, daga baya aka riƙa yin su a Jamus.»

Wata yarinya ta ce: «Malam, to da me ake yin sauran?»

— Da gilashi, wato abin da ake yin kwalba da madubi da shi.

4. Yadda ake yin dutsen gilashi

Malam ya aza ƙoƙo biyu bisa tebur. Ɗaya da rairayi, ɗaya da kanwa. Ya ce: «Ga iyayen gilashi.»

Yara suka yi dariya, suna tsammani wasa yake yi.

Ga abin da Malam ya bayyana masu. Rairayi yana narkewa, amma sai da zafi mai tsanani, wajen digiri 1700. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100. Wutar itace ba ta kai can. Amma in an gauraya rairayi da kanwa, ko da tokar waɗansu tsire-tsire, sai ya narke da zafin da bai kai haka ba. In ya narke yakan yi danƙo kamar zuma mai kauri. A lokacin ne ake ja, a lanƙwasa, a naɗa shi yadda ake so. In ya huce sai ya taurare.

Launi kuma daga ƙarafa yake fitowa. In an zuba ɗan garin wani ƙarfe mai suna kobal, gilashi ya zama shuɗi. Jan ƙarfe yana ba da tsanwa, wani lokaci ja. Baƙin ƙarfe yana ba da irin launin koriyar kwalba.

Mutane sun san wannan aiki tun fiye da shekara 4000, a Masar da ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu. Duwatsun ado suna cikin abubuwan farko da aka yi da gilashi.

Akwai hanyoyi da dama na yin dutse mai huda. Ga uku daga cikinsu.

Hanya ta farko: ja. Wannan ita ce ta shahara a birnin Fenis, ƙasar Italiya. A shekara ta 1291 hukumar birnin ta maida masu narka gilashi wani tsibiri mai suna Murano, don tsoron gobara. Mai aiki yakan ɗebo curin narkakken gilashi ga sandar ƙarfe, ya yi rami a cikinshi. Wani ya liƙa tashi sandar ga ɗaya gefen. Sai su ja, wannan ya yi gabas, wancan ya yi yamma. Curi ya zama dogon bututu siriri, ramin kuma yana nan ciki tun daga farko har ƙarshe. In ya huce sai a yanka shi gunduwa-gunduwa. A zuba su cikin rairayi da toka, a riƙa juyawa bisa wuta har kaifin bakinsu ya mutu.

Malam ya ɗaga jan dutse ɗaya na Kaka, ya ce su leƙa hudar. Suka ga waje ja ne, ciki fari. Ya ce: «An lulluɓe farin gilashi da ja kafin a ja shi. Farin da ke ciki shi ke sa jan ya yi haske. An yi irin waɗannan da yawa a Fenis a ƙarni na 19.»

Hanya ta biyu: naɗi. Wannan ita ce ta Nufawan Bida, a Najeriya, a unguwar da ake kira Masaga. Mai aiki yana zaune gaban murhu, wani yana zuga mashi. Ya riƙe siririn ƙarfe yana murzawa, yana naɗa narkakken gilashi a kai. In ya zare ƙarfen, gurbinshi ya zama huda. A da suna yin gilashinsu da rairayi da kanwar da fatake ke kai masu daga arewa. Daga baya suka riƙa narka fasassun kwalabe. Su ne kuma suka shahara da yin ƙarau na hannu.

Hanya ta uku: gari. Wannan ita ce ta mutanen Kurobo, a ƙasar Gana. Sukan daka kwalabe su zama gari, su tankaɗe. Su zuba garin cikin ƙananan ramukan wani kasko na yumɓu. A tsakiyar kowane rami su tsaida tsinken ganyen rogo. In an gasa, gari ya haɗe ya zama dutse, tsinke ya ƙone ya bar huda.

Malam ya ƙara da cewa: «Kada ku yi tsammani Turawa ne suka koya ma Afirka wannan aiki. Masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka gilashi a birnin Ife, ƙasar Yarbawa. Sun gano ana yin gilashi a can tun wajen ƙarni na 11.»

Kaka ta riƙe baki, ta ce: «Ashe rairayi nake ratayawa ga wuyana shekara da shekaru!» Aji duka ya yi dariya.

5. A kasuwar Dole

Alhamis ita ce babbar ranar kasuwa a Damagaram. Da la'asar Auta ta fasa asusunta na kuɗin tallar gyaɗa. Ta bi Kaka zuwa kasuwar Dole, wajen ƴan koli. Ta riƙe fari ɗaya da ja ɗaya don gwaji.

Wani tsohon ɗan koli ya shimfiɗa kayanshi: allurai, zare, kwalli, madubai, murjani, jigida, da duwatsu iri iri cikin gwangwanaye. Bayan gaisuwa Auta ta nuna wani tsibi na jajaye masu ƙyalli, ta ce: «Baba, ga su nan!»

Ɗan koli ya ce: «A'a, ɗiyata. Waɗannan roba ne. Bari in koya maki.»

Ya aza mata ɗaya a tafin dama, ya aza na Kaka a tafin hagu.

— Wanne ya fi nauyi?

— Na Kaka.

— Taɓa su ga kuncinki. Wanne ya fi sanyi?

— Na Kaka.

Ya ƙwanƙwasa kowane ga faranti. Na Kaka ya yi ƙara siririya, na roba bai yi ba. Ya ce: «Nauyi, sanyi, ƙara. Da su ake gane gilashi. Roba tana da araha, amma launinta yana kwaɗewa, wuta kuma tana narka ta nan da nan.»

Farare ba su yi wuyar samu ba. Auta ta zaɓi 7 masu girma daidai da na hannunta. Ɗan koli ya ce ta leƙa hudar kowane. Wanda bakin hudarshi ke da kaifi a aje shi, don yana cin zare.

Jajaye kuwa sai aka rasa. Ya zazzage gwangwani uku, babu ja mai farin ciki ko ɗaya. Ya ce: «Hajiya, irin naki ba kullum ake ganinsu ba. Ga ja na gilashi, girmansu ɗaya, amma ja ne har ciki. Ba zan ce maki iri ɗaya ne ba.»

Idon Auta ya cika da hawaye. Kaka ta ce: «Mu saya. Abin da ya ɓace ya ɓace. Gobe mu ga inda za mu sa su.»

Suka biya fari 7 a dala 7, ja 2 a dala 8, da ƙwaryar zaren nailan a dala 10. Ɗan koli ya ɗauko wani dutse shuɗi, mulmulalle, ya ce: «Ga gyara. Zai yi maku maɓalli.»

6. Aikin jerawa

Ranar Juma'a da safe, lokacin aikin hannu, Kaka ta komo makaranta. An tanadi tsumma, almakashi, metir na tela, kakin zuma da ɗan jiƙaƙƙen ƙaro.

Auta ta miƙa hannu za ta ƙulla sabon zare ga tsohon. Kaka ta riƙe hannunta, ta ce: «Zaren da ya tsinke a dama, gobe hagu zai tsinke. Duka za mu sake.» Ta yanke tsohon zare, ta zube rabin da ya rage.

Mataki na 1: awo. Aka auna da metir. Farin dutse milimetir 5 ne, shuɗi da ja kowane milimetir 10. Gida ɗaya ke nan milimetir 40, wato santimetir 4. Gida 10 santimetir 40. A ƙara 2 na talhatana da ƙulle-ƙulle, da 3 na maɗauri. Tsawon abin wuya santimetir 45.

Mataki na 2: shiri bisa tsumma. Kafin a zura ko ɗaya, aka jera duwatsu duka bisa tsumma, talhatana a tsakiya. Nan aka tsaya shawara. In an sa sababbin jajaye biyu a gefe guda, kowa zai ga bambanci. Auta ta yi tunani, ta ce: «Malam, tsofaffin ja 8 ne. A sa 4 dama, 4 hagu. Sababbin a sa ɗaya can ƙarshen dama, ɗaya can ƙarshen hagu. Bayan wuya za su zauna.» Kaka ta dube ta, ta ce: «Kishiya, yau kin yi kai.»

Mataki na 3: zare. Aka yanke santimetir 140, aka ninka biyu ya zama 70. Zare biyu ya fi ɗaya ƙarfi. Rarar santimetir 25 kuwa, ƙulle-ƙulle za su ci wani abu, saura a riƙe da shi wajen ɗaurin ƙarshe. Kaka ta goga ma zaren kakin zuma don ya yi santsi, kada ya harɗe. Ta haɗa bakunan biyu, ta shafa masu ƙaro, ta murza. Da ya bushe sai ya yi tauri kamar allura.

Mataki na 4: hancin maɓalli. A wajen ninki aka yi ƙulli, aka bar ɗan zobe. Kafin a ja ƙullin ya ƙarfafa, aka gwada dutsen gyara. Ya shiga da ɗan matsi. Haka ake so. In zoben ya yi faɗi, abin wuya zai kwance da kanshi.

Mataki na 5: zurawa. Auta ta fara daga ƙarshen hagu, tana ɗauka ɗaya ɗaya daga tsumma: ja, fari, fari, shuɗi, fari, fari. A ƙarshen kowane gida ta yi ƙulli. Kaka ta koya mata dabara: a sa tsinin allura cikin ƙullin tun yana sake, a tura shi har jikin dutse, sa'an nan a zare allura a ja. Ƙulli kuma sai ya fi hudar dutse kauri. In ya yi ƙanƙanta a ƙara wani a kanshi.

A gida na uku wani yaro ya ce: «Tsaya! Fari uku kika sa.» Auta ta zare, ta gyara. Kuskuren da aka gani kafin ƙulli ba shi da wuyar gyara.

Mataki na 6: tsakiya. Da gida 5 suka cika, ta zura zare cikin zoben talhatana sau biyu, da ƙulli kafinshi da ƙulli bayanshi. Daga nan karatu ya juya: fari, fari, shuɗi, fari, fari, ja. Dama ta zama kamar hagu a cikin madubi.

Mataki na 7: rufewa. Kaka ta ɗaga abin wuya ta lanƙwasa shi. Ta ce kada a matse duwatsu ƙwarai, don in sun matsu abin wuya zai sandare, zare kuma ya wahala. Kada kuma a bar su sake har zare ya riƙa bayyana. Aka zura dutsen gyara, aka yi ƙulli uku bayanshi. Malam ya yanke rarar, ya ɗan taɓa bakin nailan da wutar ashana don kada ya warware.

Aka ƙidaya: duwatsu 60, da talhatana, da maɓalli. Aka auna: santimetir 45.

Malam ya ce: «Da ƙulli ɗaya ne a tsakiya, ya tsare duwatsu 30. Yanzu in zare ya tsinke, nawa za su zube?»

Yara suka amsa: «Shida kawai!»

7. Ranar biki

Ranar Lahadi, kafin a fita da amarya, Kaka ta kira ta ɗaki. Ta kira Auta ita ma. Ta rataya ma amarya abin wuya, ta juya shi ta gwada mata jajaye biyu na bayan wuya.

Ta ce: «Waɗannan biyu ba na uwata ba ne, na ƙanwarki ne, da kuɗin gyaɗarta ta saya. Ki san da haka, ki gaya ma wadda za ki ba. Kada ki kwana da shi, kada ki yi wanka da shi. Lokaci lokaci ki duba zaren. In kin ga ya fara gashi, kada ki jira ya tsinke. Kawo ma Auta, ta iya.»

Ma'anar kalmomi

Adudu: kwando mai murfi da ake aje tufafi a ciki.
Batta: ɗan ƙaramin mazubi mai murfi.
Ayari: taron fatake masu tafiya tare da dabbobinsu.
Ɗan koli: mai saida ƙananan kaya kamar allura, zare da madubi.
Gyara: ɗan ƙarin da mai saidawa ke ba mai saye kyauta.
Ƙarau: abin hannu na gilashi.
Ƙaro: danƙon da ke fita jikin waɗansu itatuwa masu ƙaya.

Mu amsa tambayoyi

1. Me ya sa rabin abin wuyan bai watse ba?
2. Wane sharaɗi Malam ya kafa ma Auta? Kuna ganin ya yi daidai? Don me?
3. Kaka ta ce laifi biyu ne. Ku faɗe su.
4. Mene ne amfanin kanwa wajen yin gilashi?
5. Yaya ake samun huda a Fenis, a Bida, da wajen mutanen Kurobo?
6. Da waɗanne alamomi uku ake bambanta gilashi da roba?
7. Me ya sa Kaka ta gwada ma amarya sababbin duwatsun, ba ta ɓoye ba?

Mu yi lissafi

1. Auta ta kashe dala 7, da dala 8, da dala 10. Dala nawa ke nan duka? Dala ɗaya tamma 5 ce. Tamma nawa ta kashe?
2. Ana son abin wuya mai gida 7 a kowane gefe, da irin jerin na Kaka. Fari nawa, shuɗi nawa, ja nawa za a saya?
3. Gida ɗaya santimetir 4 ne. Gida nawa za su shiga abin hannu mai santimetir 16?

Mu duba taswira

Ku nemo Tarabulus, Agadas, Damagaram da Kano. Ku zana hanyar ayari cikin kayenku.

Mu bincika a gida

Ku tambayi kakanninku sunayen duwatsun ado da suka sani, da lokacin da ake sa kowane. Ku rubuta sunaye 5, ku kawo aji.

Aikin hannu

Kowane rukuni ya tsara gida nashi da launi uku, ya zana shi cikin kaye kafin ya taɓa zare. In babu duwatsun gilashi, a mulmula yumɓu, a huda da tsinke, a shanya, a shafa launi. A bi matakai 7 ɗaya bayan ɗaya.

Hattara

Kada a bar duwatsu inda ƙananan yara ke wasa. Suna iya haɗiye su, ko su tura su cikin hanci ko kunne. Kada ku daka kwalba a gida, garinta yana yanka hannu, yana lahanta ido da huhu. Aikin ashana na babba ne.

Mu riƙe

Kafin a jera abin wuya, a ƙidaya, a auna, a shirya bisa tsumma. A ninka zare biyu, a yi ƙulli bayan kowane gida. Abin da ba naka ba, ka tambaya kafin ka ɗauka. In ka ɓata, ka faɗi, ka gyara.